Bencin Mai Aski

Wani dare, bayan an kashe fitila, sai ga wata ƙara daga ƙarƙashin gado. Ba kukan gyare ba ne, ba kuma motsin ɓera ba. Ta yi zuuu, ta yi shiru, ta sake yin zuuu, da ɗan kacau-kacau na ƙarfe a bayanta kamar haƙoran mai jin sanyi.

Mai Aski ya buɗe ido ya kasa kunne. Ya san wannan murya. Tsohon injin askinsa ne, wanda ya naɗe a ƙyalle ya rufe a akwatin ƙarfe tun lokacin da hannunsa ya fara rawa. Bai ji tsoro ba, daɗi ma ya ji. Da ma ya daɗe yana zargin kayan aiki na kewar masu su, sai dai ba su da bakin faɗa.

"Malam," in ji matarsa daga cikin bargo, "akwatinka na minshari."

"Injina ne, Amarya. Ya gaji da kwanciya." Amarya yake ce mata har yanzu, ko da yake jikokinta sun fi ta tsawo.

"Injin da ba a jona da wuta ba? Tashi ka duba, kafin Kunne ta zo ta tambaye mu."

Kunne ita ce maƙwabciyar da ƙofarta ke kallon tasu. An ce ko cokali ya faɗi a hawa na ɗaya, takan san na shayi ne ko na miya.

Ya jawo akwatin da ƙyar, ya ɗaga murfi. Inji na nan kwance a likkafaninsa, bai san ana yi ba. Waya ce, wadda 'yarsa Auta ta saya masa, take ɓari a tsakanin almakashi da mataji. Shi ya sa ta a ciki da hannunsa, domin duk abin da yake da daraja a wurinsa nan ne gidansa. Ya kusanto da ita hancinsa, ya bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, don karatunsa mai tafiya da sanda ne.

"Ka buɗe batu babu rubutu a ciki. An goge. A kiyaye. Sakata."

"Wa ya mutu?" in ji matarsa.

"Ba kowa. Wani ne ya ɗauke mini benci."

Ga yadda abin ya samo asali. Mai Aski ya yi rayuwarsa a wani ɗan shago da ke bakin titi, kujera ɗaya, madubi ɗaya mai tabo a kusurwa, da benci. Da hannu ya soma rawa ya ajiye aska, don ba a wasa da kunnen mutane. Daga baya gwiwoyi suka ce su ma sun yi ritaya. Gidansu kuwa a hawa na uku yake, kuma matakalar benen irin wadda ko mai lafiya sai ya tsaya ya yi hira da bango kafin ya kai. Shi ke nan, mutumin da rabin unguwa ke sunkuyar masa da kai kullum ya koma kallon tsakiyar kawunan mutane daga baranda. Ko daga nan ɗin yakan gane aikin wasu. "Wancan an cuce shi a ƙeya," yakan ce, babu mai ji sai tukwanen furanni.

Auta, ƙaramar 'yarsa mai aikin jinya, ita ta ga yana ramewa ba tare da ciwo ba. Ta sayo waya, ta shigar da shi dandalin unguwa na intanet, inda mutane ke buɗe batu su yi rubutu, wasu su biyo ƙasa su ba da amsa. A nan ake cigiyar maɓalli, a nan ake sanar da ɗauke ruwa, a nan ake sayar da tsohuwar katifa a ce sabuwa ce. Amma abin da aka fi yi shi ne faɗa. Kowa da sunan aro, kowa da bulalarsa. Mai kula da wurin, mai goge abin da ya ga dama da korar wanda ya ƙi ji, shi ne Sakata.

Ta nuna masa inda ake dannawa. Wani farin fili ya buɗe a fuskar wayar, wayam, ba komai a cikinsa. Mai Aski ya zuba masa ido har sai da hasken ya dushe. Bai taɓa zaton zai sake ganin wannan abu ba.

A shago, kafin ya buɗe akwati, kafin ma ya share gashin jiya da ya maƙale a lungu, abin da yake fara yi kullum shi ne ya fito da benci, ya goge shi da tsumma, ya koma ciki. Bai taɓa ce wa kowa zo ka zauna ba. Benci shi ke kiran mutanensa. Mai jiran mota ya zauna, wanda matarsa ta kora ya zauna, har mai sanƙo da ba shi da abin askewa ya zauna. Kuma bai taɓa fara hira ba. Maigidan da ya koya masa sana'a ya ce mai aski mai surutu kunne yake yanka. Kalma uku kawai aka ba shi tare da almakashi: "Ina jin ka." Da su ya ci abinci, da su ya aurar da yara. Ya lura da wani abin mamaki kuma, mutum ya fi faɗin gaskiya idan wanda yake gaya wa yana bayansa, ba ya kallon idonsa. To ga wuri yanzu da kowa ke bayan kowa.

Saboda haka ya buɗe batu bai rubuta komai ba. Na'urar ta ƙi karɓa sai an sa wani abu a gurbin take, sai ya sa ɗigo guda, ya aika.

Washegarin saƙon Sakata, Mai Aski ya sake buɗe wani. Jibi ma haka.

Ranar hutunta Auta ta zo, ko jaka ba ta ajiye ba. "Baba, kai ne Ɗan Ɗigo?"

"Wane ne kuma haka?"

"Sunan da suka sa maka ke nan. Duk dandali ana ta yi da kai. Kawo in nuna maka, hannunka ne ke danna aikawa kafin ka rubuta."

"Hannuna na rawa, amma bai haukace ba. Da gangan nake yi."

"To me kake son ka ce?"

"Ba komai."

"Baba, wanda ba shi da abin cewa ai ba ya buɗe batu."

"Wanda yake da abin cewa fa, amma bai san inda zai zauna ya faɗa ba? Duba nan." Ya gangara da yatsa a kan jerin batutuwan. "Wannan na ruwa ne. Wannan na katifa. Wannan na zagin masu motar haya. Kowace kujera da mai ita a kai, ya harɗe ƙafa. Wanda zuciyarsa ta yi nauyi, a ina zai sa ɗuwawunsa?"

Matarsa ta leƙo daga kicin. "Rabu da shi, Auta. Hali zanen dutse. Ranar ɗaurin aurenmu ma sai da ya fito da benci kafin ya tafi."

Farkon waɗanda suka zauna, zagi suka kawo. Wani ya ce jaki ne ya taka waya. Wata ta ce a karɓe wayoyi daga hannun yara. Wani ya rubuta, "Banza ta kori wofi." Mai Aski ya karanta su duka yana murmushi, don a shago ma haka ake farawa. Babu wanda ke zama a benci ya ce yana da damuwa. Sai ya ce bencin na da ƙusa, ko rana ta yi yawa a wurin.

Wanda ya fi kowa zafi shi ne mai kiran kansa Tsawa. Ya yi doguwar wasiƙa ta ashar, ya ce mutane na fama da abin da ya dame su, wani maras aikin yi na zubar musu da ɗigo kamar kashin ƙuda. Mai Aski ya ɗauki lokaci yana farautar baƙaƙe da yatsa, ya rubuta masa: "Ina jin ka."

"Me kake ji? Kurma kawai," in ji Tsawa.

"Ina jin ka."

Shayin da ke gaban tsohon ya huce. Can akwati ya yi zuuu. Tsawa ya ce shi tun asuba yake kan sitiyari, bas yake ja, bayansa kamar an kafa masa ƙusa, ya dawo gida kuma babu mai ce masa sannu. Ya ce ɗansa babba ya daina yi masa magana tun da suka yi sa-in-sa a kan makaranta, gida ɗaya suke amma sai dai ya ga takalminsa a ƙofa. Ya ce bai ma san abin da ya sa yake faɗa wa Ɗan Ɗigo wannan ba.

Kafin Mai Aski ya gama neman baƙin farko, wata mai suna Uwar Biyu ta riga shi. Ta ce ita ma ta yi shekara ba ta magana da mahaifinta, kuma abin da ya karya ta shi ne ranar da ya ajiye mata lemo a bakin ƙofa bai ce komai ba. Wani ya ce lemo ya yi tsada, ya gwada ayaba. Aka yi dariya. Tsawa ya zage shi, amma zagin ya yi laushi.

Da magariba Sakata ya taso daga aiki ya goge batun, da zagin da lemon da komai.

Haka aka yi ta yi. Da safe benci ya fito, da rana a cika shi, da yamma a ɗauke. Abin bai dami Mai Aski ba, don shi ma da yamma yakan shigar da nasa. Ya ma fi son haka, maganar benci ba ta kwana a waje. Uwar Biyu ta faɗi yadda take kulle kanta a banɗaki ta yi kuka kaɗan idan tagwayen sun haɗa baki. Wani tsoho ya ba da labarin kyanwarsa da ta mutu, wadda yake jin kunyar yi wa makoki a gaban mutane. Wani ya zo ya ce shi ba shi da matsala, zama kawai ya zo yi. Akwatin ƙarfe ya wuni yana zuuu, almakashi na rawa a ciki, kuma Mai Aski ya ƙi fitar da wayar daga ciki sai in zai karanta, don ƙarar ce rabin daɗin. Kumatunsa suka ciko. Kunne ta tare matarsa a matakala ta tambaya ko Malam ya koma aski a ɓoye ne.

Sai ga saƙon da ya fi na kullum tsawo.

"Na yi maka magana ba sau ɗaya ba. Dokar dandali ta hana batu maras rubutu. Naka na tura sanarwar mutane ƙasa, kuma wasu sun fara kwaikwayonka. Wannan ne gargaɗi na ƙarshe. Ka sake buɗe ko ɗaya, zan fitar da kai, kuma wanda na fitar ba ya dawowa. Sakata."

Aski ya zo gaban goshi. Mai Aski ya karanta, ya sake karantawa, ya dubi ƙofar ɗakin, ya dubi gwiwoyinsa. Shago ya tafi, titi ya tafi. Wannan 'yar tagar ce kaɗai ta rage masa da ake shigowa a same shi.

"Rubuta wani abu mana," in ji matarsa. "Ko barka da asuba. Ai ba za ta cije ka ba."

"In na rubuta barka da asuba, barka da asuba za su mayar mini, kowa ya wuce. Kin taɓa ganin an zauna a bencin da mai shi ya miƙe a kai?"

"To ka haƙura ka zauna ka yi kallo kamar kowa."

Ya gwada. Safiya ta yi bai buɗe komai ba. Ya sha shayi, ya kalli kawunan mutane, ya gyara zaman tukwanen furanni da ba su nemi gyara ba. Akwati ya yi tsit. Wajen hantsi ya yi zuuu sau ɗaya. Uwar Biyu ce, ta rasa inda za ta sa maganarta, sai ta liƙa ta a ƙarƙashin tallan wani tsohon keke: "Yau babu wurin zama ne?" Mai keken ya amsa mata cewa sirdin na nan lafiya lau.

Mai Aski ya goge fuskar wayar da gefen rigarsa, kamar yadda yake goge benci. Ya sa ɗigonsa, ya aika.

Ba a kai azahar ba ƙofa ta rufe. Ya danna, wayar ta ce ba shi da izinin shiga. Ya sake dannawa, ta maimaita masa ba kunya. Ya mayar da ita akwati kusa da inji, ya rufe su biyu, ya tura ƙarƙashin gado.

Kwanakin da suka biyo baya ba su da labari. Ya daina fita baranda. Gemunsa ya yi buzu-buzu, shi da ko zazzaɓi bai taɓa hana shi gyara fuska ba. Matarsa ta yi ta jan sa da tsokana bai tanka ba, har ta gaji ta koma yi wa tukunya faɗa.

Ranar da abin ya juya, tun daga hawa na biyu suka ji takun Auta tana haɗa matakala bibbiyu. Ta shigo da rigar aiki, tana haki, ta miƙa masa wayarta. "Baba, duba abin da ka jawo."

Dandalin ne. Daga sama har ƙasa babu ruwa, babu katifa, babu cigiya. Ɗigo ne, ɗigo, ɗigo, sun yi layi kamar tururuwa sun sami sukari. Ya gangara da yatsa, ba su ƙare ba. Tsawa ne ya fara, in ji Auta. Ya buɗe batu wayam, Sakata ya goge ya kore shi. Kafin ya juya Uwar Biyu ta buɗe nata, sai mai kyanwa, sai wanda ba shi da matsala, sai mutanen da ba su taɓa cewa uffan ba ashe suna tsaye a bayan benci suna saurare. Ya goge ɗaya, biyar su tsiro. In zai kori kowa, shi kaɗai zai rage yana gadin kango.

Matarsa ta rangaɗa 'yar guɗa a hankali don kada Kunne ta ji. Mai Aski ya sake duba jerin. Sai kuma ya buɗe ɗaya daga cikin ɗigon. Ba kowa a ciki. Ya buɗe na biyu, ba kowa.

"Aikin banza suke yi," ya ce, idonsa na ƙyalli. "Kowa ya ɗauko benci a ka, wa zai zauna?"

"Kai dai ba a iya maka," in ji matarsa. "An yi maka gayya kana duba ɗinki."

Da la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani mutum ne siriri mai furfura a gefen kunne, da jakar kayan gyara a kafaɗa, rigarsa duk tabon mai. Matakala ta gama da shi, sai da ya dafa bango kafin ya yi sallama.

"Nan ne gidan Ɗan Ɗigo? Ni ne Sakata. 'Yarka ce ta yi mini kwatance."

Mai Aski ya yi zaton zai ga ƙato mai jan ido. Sai ga mai gyaran firji, wanda gashinsa ya yi wata biyu yana neman taimako. Tsohon ya miƙe. Ya dogara sanda ya fita baranda, ya kwashe shanyar da matarsa ta yi a kan tsohon bencin shago, don an hau da shi ranar da aka rufe shagon, ya goge shi da tsumma, ya koma gefe.

"Ba zama na zo yi ba," in ji Sakata. "Zuwa na yi ka gaya wa mutanenka su bari. Ka san abin da kuka yi? Jiya wata mata ta yi cigiyar mahaifinta, tsoho mai mantuwa, ya fita bai dawo ba. Ɗigonku ya binne sanarwar, babu wanda ya gani. Allah ya sa mai shagon kusa da tasha ya gane shi ya riƙe shi. Da wani abu ya same shi fa?"

Wannan ta soki Mai Aski, don gaskiya ce. Ya sunkuyar da kai. "Ina jin ka."

"Ka ji ni, ka ji ni. Kowa ji yake yi, ba mai yi." Ya sauke jakar, don ta yi masa nauyi. Da ya sauke ta kuma sai ya ga ba dalilin tsayuwa, ya zauna a bakin bencin, irin zaman wanda zai tashi yanzu. "Ni na kafa wurin nan. Shekarar da gobara ta tashi a layinmu, babu yadda wani zai sanar da wani, na ce ba za a sake ba. Tun daga ranar nake shara. Masu damfara, masu tallan maganin ƙarya, masu zagin iyayen mutane, ni kaɗai. Ina kwance a bayan firjin mutane, hannu ɗaya a kan waya. Matata ta ce da ta san da dandalin aka ɗaura mini aure, da ta san kishin me take yi. Ka san sau nawa aka ce mini na gode?"

Mai Aski ya riga ya zagaya bayansa. Bai san lokacin da ya ɗauko farin ƙyallen aski ya yafa masa a kafaɗa ba, jiki ne ya tuna da kansa. Almakashi ya fi ƙarfin hannunsa yanzu, amma mataji ba ya yanka kowa. Ya soma taje furfurar a hankali, daga ƙeya zuwa sama.

Sakata ya yi kamar zai ture, bai ture ba. Ya ci gaba da magana yana kallon rufin gidajen da ke gabansa. Ya yi maganar babban yatsansa da ke ciwo, da abokin da suka fara aikin tare ya gudu ya bar shi, da yadda yakan karanta hirar bencin kaf kafin ya goge, har labarin kyanwar nan ya hana shi cin abinci. Matar gidan ta ajiye shayi a gefensa ta koma ciki. Inuwa ta ci rabin titi kafin ya tsaya.

"To," ya ce, ya share fuska da gefen ƙyallen. "Yanzu ya za mu yi?"

"Laifina ɗaya ne, kuma ka faɗe shi," in ji Mai Aski. "Ba a ajiye benci a tsakiyar hanya. A gefe ake sa shi, jikin bango, inda mai sauri zai wuce, mai gajiya ya zauna. Kuma ɗaya ake sawa. Ni ban san inda bango yake a wurinka ba. Kai ka gina, kai ka sani."

Sakata ya juya kofin a hannunsa. "Akwai yadda ake kafe batu a can sama, ba ya hawa kan kowa, ba ya sauka."

"Ka ga bango ke nan."

"Da yamma kuma in goge."

"Da ma wa ke barin benci ya kwana a waje?"

Nan take, da ƙyallen a wuyansa, Sakata ya buɗe ƙofar da ya ce ba ta buɗuwa, ya mayar da Mai Aski, ya mayar da Tsawa. Ya rubuta sabuwar doka: benci ɗaya ne a dandali, Mai Aski ke fito da shi, wanda ya zo da nasa zai koma da shi a ka. Aka jawo akwati daga ƙarƙashin gado. Tsohon ya goge fuskar wayar, ya sa ɗigonsa, Sakata ya kafe shi a sama. Kafin kowa ya ankara, mai gyaran firjin ya sunkuya a kan tasa wayar, ya zama na farkon zama. Abin da ya rubuta gajere ne: "Na gaji, jama'a."

Mai Aski ya mayar da wayarsa cikin akwati ya rufe, ya ɗora tafin hannu a kan murfin. Zuuu. Zuuu. Ƙarfen ya ɗauki ɓari bai tsaya ba, almakashi da mataji da tsohon inji duk suka kama kacau-kacau, har kofin shayi ya soma tafiya da kansa a kan benci. Auta ta leƙa tata wayar ta karanta musu. Tsawa ne a gaba, sauran na biye, kowa da abu ɗaya a bakinsa: "Muna jin ka."

Ranar hutun da ta biyo baya, matakalar benen ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Tsawa ya zo, ashe wani guntun mutum ne mai muryar yara, tare da wani dogon saurayi da ke bin sa a baya yana cin ayaba. Uwar Biyu ta zo da biyunta, ɗaya a baya ɗaya a hannu. Mai kyanwa ya zo da sabuwar kyanwa a cikin kwali. Suka ce sun gaji da zama a bencin da ba ya ɗumama ɗuwawu. Tsawa da ɗansa suka ɗaga Mai Aski da kujerarsa cak, Sakata da wanda ba shi da matsala suka ɗauki benci, aka yi ta gangarowa ana "a hankali, kwana, ɗaga naka ɓangaren". Matarsa na biye da akwatin ƙarfe a rungume tana cewa in suka yar mata da tsoho su za su biya, don ba a samun irinsa a kasuwa yanzu.

A bakin titi suka ajiye benci jikin bango. Mai Aski ya karɓi tsumma ya goge shi da hannunsa, ya koma kujerarsa a bayansa. Gemunsa a gyare, rigarsa a goge. Iskar titi ta bugi fuskarsa, da warin hayaƙin mota da na burodi mai zafi, ya ga mutane ta fuska ba ta tsakiyar kai ba. Benci ya cika, aka matsa, ya sake cika, wasu suka tsaya a tsaye, masu wucewa suka rage tafiya.

Kunne ta sauko da gyalenta a karkace, ta kutsa cikin taron, ta dubi wannan ta dubi wancan. An gaya mata wai duk saboda abin da maƙwabcinta ya sa a waya ne. Ta dafa kafaɗar Sakata, don shi ya fi kama da mai hankali.

"Ɗan nan, don Allah ku fitar da ni duhu. Wai me ya rubuta ne haka?"